Yadda sarautar Sutherland ta rabu gida biyu, kuma mata uku suka gaje ta

"Malam, na kalli wani shiri a kan wata fada da ke arewacin Sikotland mai suna Dunrobin, inda aka ce mai fadar shi ne Earl na Sutherland, kuma daga mahaifiyarsa ya gaji sarautar. Daga baya sai na ga ashe akwai wani kuma da ake kira Duke na Sutherland, wanda ba ma a can yake zaune ba. Yaya ƙasa ɗaya za ta yi masu sarauta biyu? Yaya mace ke gadon sarauta alhali akwai maza a dangi? Kuma wa yake naɗa su?"

Ɗan'uwa, tambayarka guda uku ce a dunƙule, amma amsarsu daga tushe ɗaya take fitowa. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne ka auna sarautar Sikotland da ma'aunin sarautar da muka sani a gida, inda sarki kan rasu, 'ya'yan sarki su fito neman gado, masu zaɓen sarki su zauna su tace, sannan hukuma ta amince a yi naɗi. A Zazzau ma har gidaje huɗu ne ke da haƙƙin nema: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Sarautar gado ta Birtaniya ba ta san wannan tsari ba. Babu masu zaɓe, babu neman cancanta, babu ranar naɗi. Kowace sarauta tana da ƙa'idar da take bi wajen sauka daga mamaci zuwa magaji, kuma a daidai lokacin da mai riƙe da ita ya cika, ta riga ta zama ta wanda ƙa'idar ta nuna, ko da jariri ne a zanin goyo. Abin da ya rage wa magajin kawai shi ne ya kawo hujjar cewa shi ne. Earl da Duke matakai ne na sarautar gado a Birtaniya, Duke ne a sama, kuma Earl na Sutherland da Duke na Sutherland sarautu biyu ne daban, kusan shekara 600 ke tsakanin haihuwarsu, kowace da tata ƙa'idar, sun haɗu a wuyan mutum ɗaya na wani zamani, sannan ƙa'idojin nan biyu suka raba su a 1963.

Asalin gidan

Sunan Sutherland daga harshen mutanen Nowe na dā ya fito, ma'anarsa ƙasar kudu. Wanda ya dubi taswira zai yi mamaki, domin yankin yana can ƙuryar arewacin Sikotland, amma ga waɗanda suka raɗa sunan, wato masu mulkin tsibiran Orkney da ƙasar Caithness, nan ne iyakarsu ta kudu. 'Yan ƙasar masu magana da harshen Gelik kuwa suna kiran gabashin yankin Cataibh, ƙasar mutanen kyanwa, shi ya sa har yau kyanwar daji ce tambarin dangin.

Kakan gidan wani baƙo ne mai suna Freskin, wanda masu tarihi suka fi karkata ga cewa daga Flanders ya zo, yankin da mafi yawansa ke cikin Beljiyam ta yau, kuma Sarki David na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1124 zuwa 1153, ya ba shi ƙasa a yankin Moray. Wannan dabara ce da sarakunan Sikotland suka daɗe suna yi: su dasa baƙin mayaƙa masu biyayya a yankunan da ba su gama miƙa wuya ba. Zuriyar Freskin suka ɗauki sunan de Moravia, suka yi ta matsawa arewa, har wajen shekarar 1235 Sarki Alexander na Biyu ya ɗaga William de Moravia zuwa matsayin Earl na Sutherland. Ka riƙe wannan a ranka, domin za mu dawo gare shi: takardar da aka ba da sarautar da ita ba ta iso gare mu ba, saboda haka babu wani rubutu na asali da ya fayyace ko maza kaɗai ne za su gada ko har da mata.

A ƙarni biyun da suka biyo baya gidan ya tsaya tare da sarakunan Sikotland. Earl na Sutherland yana cikin manyan da suka sa hatiminsu a wasiƙar Arbroath ta 1320, wadda aka aika wa Paparoma don tabbatar da 'yancin ƙasar daga Ingila. Kenneth, Earl na huɗu, ya mutu a fagen daga a Halidon Hill a 1333. Ɗansa William ya auri Margaret, 'yar Sarki Robert Bruce, kuma da ɗan da suka haifa bai mutu da annoba yana saurayi ba a hannun Ingilishi, da wataƙila gidan ya kai ga karagar Sikotland kanta.

Elizabeth ta farko

Juyin farko ya zo ne a farkon ƙarni na 16. An yanke wa John, Earl na takwas, hukuncin rashin hankali a 1494, ɗansa kuma, shi ma John, ya rasu a 1514 bai bar ɗa ba. 'Yar'uwarsa Elizabeth tana auren Adam Gordon, ɗan Earl na Huntly, kuma a lokacin babu gidan da ya kai Gordon ƙarfi a arewa maso gabashin Sikotland. Aka tabbatar wa Elizabeth gadon, mijinta ya ɗauki laƙabin Earl ta dalilinta. Wani ɗan'ubanta mai suna Alexander Sutherland bai yarda ba, ya tara mutane har ya ƙwace Dunrobin na ɗan lokaci, amma aka ci shi da yaƙi, aka kashe shi, kuma tarihin gidan ya ce an kafa kansa a kan mashi a saman fadar.

A nan ya kamata in yi maka gargaɗin da nake yi wa ɗalibaina duk shekara idan muka zo wannan gaɓa. Mafi yawan abin da aka sani game da wannan rikici daga alƙalamin Sir Robert Gordon ya fito, wanda ya rubuta tarihin gidan wajen 1630, shi kuwa jinin waɗanda suka yi nasara ne. Ya rubuta Alexander a matsayin ɗan da ba na aure ba kuma ɗan tawaye, alhali wasu masana na baya suna ganin gidan Gordon sun yi amfani da ƙarfinsu a fadar sarki ne suka karkata shari'ar. Duk wanda ya taɓa zama da tarihin masarautunmu ya san irin wannan: gidan da ke kan gado shi ke riƙe da marubuci da maroƙi. Ni dai ra'ayina shi ne Elizabeth ta ci gado a 1514 da taimakon takobin dangin mijinta fiye da taimakon doka. Amma abin da aka yi da ƙarfi a wannan shekara, shi ne ya zama hujjar doka bayan shekara 250.

Daga nan sarautar ta zauna a hannun 'yan Gordon, cikin gaba mai tsanani da maƙwabtansu, Sinclair na Caithness da Mackay na Strathnaver. A 1567 aka sa wa Earl na 11 da matarsa guba a abinci a fadar Helmsdale. Matar da ta shirya abin, Isobel Sinclair, tana so ne gadon ya faɗo wa ɗanta, sai ɗan nata ya sha daga abin da aka haɗa bai sani ba, shi ma ya mutu kamar su, magajin gaskiya kuwa ya tsira. Daga baya Earl na 16 ya ajiye sunan Gordon ya koma amsa Sutherland. A tawayen da magoya bayan gidan Stuart, tsohon gidan sarautar da aka raba da karagar Birtaniya, suka yi a 1715 da 1745 gidan ya tsaya da gwamnatin Landan, kuma wannan zaɓi ne ya sa ƙasarsu ta kuɓuta a lokacin da aka ƙwace ta waɗansu shugabannin yankin tsaunuka. Duk da haka dokar da ta fara aiki a 1748 ta karɓe ikon shari'a na gado daga hannun dukkan irin waɗannan manya, masu biyayya da 'yan tawaye baki ɗaya. Tun daga ranar, Earl na Sutherland ba ya hukunta kowa. Abin da ya rage masa shi ne laƙabi da mallakar ƙasa.

Shari'ar jaririya

Yanzu mun zo zuciyar tambayarka. A watan Yunin 1766 William, Earl na 18, da matarsa suka rasu da zazzaɓi a garin Bath na Ingila, 'yan makonni ne tsakaninsu. Abin da suka bari 'ya ɗaya ce, Elizabeth, wadda aka haifa a watan Mayun 1765, wato ta ɗan wuce shekara guda. Nan da nan maza biyu suka fito. Wani Sir Robert Gordon daban, na Gordonstoun, ya ce sarautar da ake riƙe da ita sabuwa ce da aka ba Adam Gordon, don haka ta mazan zuriyar Gordon ce, shi ne kuma babbansu. George Sutherland na Forse ya ce a'a, sarautar ta asali ce, ta maza ce tun fil azal, shi kuwa tsatson mazan de Moravia ne kai tsaye. Su biyun sun saɓa a kan komai, sun haɗu a kan abu ɗaya: mace ba ta gado.

Da a wata ƙasa ne, ko a wani zamani, da ba a ko saurari marainiyar ba. Amma cikin waliyyanta akwai wani alƙali masanin tarihi, Sir David Dalrymple, wanda aka fi sani da Lord Hailes. Da yake babu takardar asali, sai ya bi tsofaffin takardun Sikotland ɗaya bayan ɗaya, yana nuna cewa tsofaffin sarautun Earl na ƙasar, waɗanda suka girmi al'adar rubuta sharaɗin gado, sun sha sauka ta hannun mata a gidaje daban-daban, kuma a wannan gidan ma an yi haka a 1514, Elizabeth ta farko ta riƙe sarautar da haƙƙin kanta, mijinta ya amsa sunan ne kawai saboda ita. Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ke yanke irin wannan shari'a, ta gamsu, kuma a ranar 21 ga Maris 1771 ta tabbatar wa yarinyar sarauta, ba ta cika shekara shida ba.

Ƙa'idar da ta fito daga wannan hukunci ita ce amsar tambayarka ta biyu. Sarautar Earl na Sutherland tana bin jini mafi kusa ne. Idan mamaci ya bar ɗa namiji, shi ke gada ko da yana da yayye mata. Idan bai bar namiji ba, babbar 'yarsa ta riga baffanninta da 'ya'yansu maza. A nan dokar Sikotland ta bambanta da ta Ingila, inda wasu tsofaffin sarautu kan tsaya cak ba mai riƙe su idan mamaci ya bar 'ya'ya mata fiye da ɗaya, saboda ana ɗaukarsu daidai wa daida. A Sikotland babbar ce ke ɗauka. Ni malamin tarihi ne, ba lauya ba, kuma wanda ke da wata shari'ar gado ta irin wannan sai ya nemi masu wannan fanni, amma a kan wannan gidan magana ta ƙare tun 1771.

Inda Duke ya shigo

Elizabeth ta biyu ta tashi a Edinburgh a hannun kakarta, nesa da ƙasar da ta gada da harshen mutanenta. A 1785 ta auri wani Ba'ingile, George Granville Leveson-Gower, wanda ya yi jakadan Birtaniya a Paris daga 1790 zuwa 1792, a tsakiyar juyin juya halin Faransa. A 1803 dukiya ta sauko masa daga fuska biyu: ya gaji mahaifinsa a matsayin Marquess na Stafford, sarautar da ke tsakanin Earl da Duke, kuma ya gaji kuɗin shigar mashigin ruwan Bridgewater daga kawunsa. Ya zama ɗaya daga cikin mafiya arziki a Turai. A watan Janairun 1833 Sarki William na Huɗu ya ba shi sabuwar sarauta, Duke na Sutherland, wadda bai ci ta fiye da wata shida ba ya rasu.

Wannan sabuwar sarauta ba ta Sikotland ba ce, domin tun haɗewar Sikotland da Ingila a 1707 ba a sake ƙirƙirar sarautar Sikotland ba. Ta haɗaɗɗiyar daular Birtaniya ce, kuma tana da takarda wadda ta faɗi sharaɗinta a fili: mazan da suka fito daga tsatsonsa ta hanyar maza. Da Elizabeth ta rasu a 1839, babban ɗansu ya haɗa biyun, Duke daga uba, Earl daga uwa. Haka aka yi ta tafiya har Duke na biyar. Da yake Duke ya fi girma, sunan Earl ya ɓace daga bakin mutane fiye da shekara 120, amma bai mutu ba.

Abin da talakawa suka gani

Ba zan iya ba ka tarihin wannan gida in tsallake abin da ya sa ake tuna shi ba, ko da ba ka tambaya ba, domin shirin da ka kalla na fadar ne, fada kuwa ba ta faɗin wanda ya biya kuɗinta. Mutanen Sutherland suna zaune ne a kwaruruwan cikin ƙasa, suna kiwon baƙaƙen shanu, suna noman ɗan hatsi da dankali, suna biyan kuɗin haya kaɗan, idan yaƙi ya tashi kuma su ba da 'ya'yansu. A wajen 1800 daga cikinsu aka tara rundunar nan ta 93 ta Sutherland. A fahimtarsu akwai alkawari tsakaninsu da gidan sarauta, wanda suke kira dùthchas da harshensu: ƙasar da kakanninka suka zauna kana da haƙƙin zama a cikinta, shugaba kuma uba ne mai kare ka. Wannan haƙƙi ba a rubuce yake ba.

Da farashin ulu da naman tumaki ya tashi, sai masu kula da dukiyar gidan, William Young da Patrick Sellar, daga baya kuma James Loch, suka yi lissafi suka ga cewa kwari ɗaya a hannun babban makiyayin tumaki zai kawo kuɗin da ya fi abin da ƙauyukan cikinsa ke biya. Daga wajen 1807 zuwa 1821 aka kwashe dubban mutane daga kwaruruwan, aka kai su gaɓar teku, aka yanka musu 'yan filaye da gangan ƙanana, don kada noma ya riƙe su, dole su koyi kamun kifi. Mutanen da ba su taɓa shiga jirgin ruwa ba aka ce su zama masunta a teku mai haɗari. Wasu daga Kildonan suka haye zuwa Kanada a 1813, suka zauna a bakin kogin Red River, inda birnin Winnipeg yake a yau.

A watan Yunin 1814 Sellar ya shiga kwarin Strathnaver da mutanensa, ana fitar da iyalai ana cinna wa rufin gidaje wuta don kada su dawo, kuma shi da kansa ne ya karɓi hayar wani ɓangare na filin da ake sharewa domin tumakinsa. A wani gida akwai tsohuwa mai suna Margaret Mackay wadda ba ta iya tashi daga gado. Aka fito da ita wuta ta riga ta kama, ta rasu bayan 'yan kwanaki. An gurfanar da Sellar a Inverness a watan Afrilun 1816 bisa tuhumar kisa da ƙone-ƙone, masu taya alƙali hukunci suka wanke shi cikin ɗan lokaci, jami'in shari'ar da ya kama shi kuwa shi ne ya ƙare da barin muƙaminsa. A 1819 aka sake yin wata kwasar da ta fi ta farko yawa.

Na taɓa tsayawa a kufan Rosal, ɗaya daga cikin ƙauyukan Strathnaver da aka tasa a 1814. Sai ka bi ta cikin dajin da aka shuka daga baya, sannan ka fito wani fili a buɗe. Abin da ya rage na gidajen jerin duwatsu ne da ba su kai gwiwa ba, gansakuka ta rufe su, amma kana iya gane inda ƙofa take, da ɓangaren da mutane ke kwana da ɓangaren da shanu ke kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya. Na zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun na daɗe ban ji motsin kowa ba sai iska. Daga nan na gangara Bettyhill a bakin teku, inda tsohon cocin da aka karanta wa mutane sanarwar tashi daga mumbarinsa ya zama gidan tarihi. Wanda ya ga wuraren nan biyu kafin ya ga Dunrobin, da wani ido zai kalli fadar.

Adalci ya sa in faɗi abin da masu kare gidan ke cewa, kuma ba duka ne ƙarya ba. Yunwa takan faɗa wa kwaruruwan a shekarun da amfanin gona ya lalace, gidan yakan aika da hatsi, jama'a na ƙaruwa, ƙasar ba ta da albarka. An kashe kuɗin Stafford masu yawa wajen gina hanyoyi da gadoji, da tashar masunta a Helmsdale, da haƙar kwal a Brora, kuma wasiƙun Elizabeth sun nuna ta yi imani gyara take yi. Amma ba a tambayi waɗanda za a gyara ba, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: dokar da ta tono takardun shekara 500 don ta kare haƙƙin marainiya 'yar shekara biyar, ita ce ta dubi mutanen da suka fi gidan daɗewa a ƙasar ta ce ba su da komai, saboda nasu haƙƙin a baki yake. Sai a 1886, bayan binciken hukumar Napier, aka yi dokar da ta hana a tashi ƙananan manoman tsaunuka daga filayensu haka kawai.

A saman dutsen Ben Bhraggie, bisa garin Golspie, akwai gunkin Duke na farko da aka kafa a 1837, tsayinsa da ginshiƙinsa kusan mita 30, rubutun jikinsa yana yabonsa da sunan talakawansa. A shekarun 1990 wasu suka nemi izinin rushe shi, ba a ba su ba, kuma cikin masu adawa da rushewar har da jikokin waɗanda aka kora, waɗanda suka ce a bar shi ya zama shaida. A 1829 gidan ya sayi ƙasar Mackay da ta rage, kuma a ƙidayar filaye ta shekarun 1870 Duke na Sutherland yana da fiye da eka miliyan ɗaya, babu wanda ya kai shi a Birtaniya. A wannan zamani na yalwa ne Sir Charles Barry, wanda ya zana ginin majalisar dokoki ta Landan, ya mayar da Dunrobin yadda ka gan ta, mai ɗakuna 189 da hasumiyoyi irin na Faransa.

Rabuwar 1963

Duke na biyar ya rasu a 1963 bai bar ɗa ko 'ya ba, nan ne ƙa'idojin biyu suka kama hanya daban. Sarautar Duke ba ta ratsa mace, don haka aka koma baya har zuwa ƙaramin ɗan Duke na farko, Lord Francis, wanda ya canja sunansa zuwa Egerton kuma ya zama Earl na Ellesmere. Wani daga zuriyarsa, John Egerton, shi ya zama Duke na shida, mutumin da gidansa ke Mertoun a kudancin Sikotland, kusa da iyakar Ingila. Da ya rasu a 2000 sarautar ta koma ga ɗan'uwansa Francis Egerton. Daga wannan reshe ne Duke da ka ga ba ya zaune a Sutherland ya fito. Sunan ƙasar kawai yake ɗauke da shi.

Sarautar Earl kuwa ta bi jini mafi kusa, wato 'yar ƙanen mamacin, Elizabeth ta uku, wadda aka haifa a 1921 kuma mahaifinta ya rasu tana jaririya. Ita ta zama ta 24 a jerin, Dunrobin ta bi ta, kuma ta ajiye sunan Leveson-Gower da na mijinta ta ɗauki Sutherland zalla, domin kotun Lord Lyon, mai kula da tambura da shugabancin dangogi a Sikotland, ta amince da ita a matsayin shugabar dangin Sutherland. A shekarar ce kuma aka yi dokar da ta ba mata masu sarautar gado damar zama a Majalisar Dattawa, ta kuma ba dukkan masu sarautar Sikotland kujera, maimakon wakilai 16 da suke zaɓa tun 1707. Dokar 1999 ta kawar da mafi yawan kujerun gado. Fadar ta yi makarantar kwana ta maza daga 1965 zuwa 1972, sannan aka buɗe ta ga masu yawon buɗe ido, kuma da kuɗin tikiti ake taimakawa wajen riƙe ta.

Saboda haka idan ka ji Earl a yau, kada ka kawo hoton sarki mai fada da hakimai da dagatai. Ba ya karɓar haraji, ba ya sasanta rikici a hukumance, ba shi da ta cewa a mulkin yankin, wanda ke hannun zaɓaɓɓiyar majalisa. Yana da laƙabi, da matsayi a bukukuwan ƙasa, da dukiyar da ta rage, da shugabancin dangi wanda 'yan Sutherland na Kanada da Amurka da Ostireliya suka fi ɗauka da muhimmanci. Kuma tunda muna kan batun, idan ka ci karo da talla a intanet cewa za a sayar maka da taku ɗaya na ƙasa a Sikotland ka zama Lord, kada ka ba da kuɗinka da wannan niyya, domin kotun Lord Lyon ba ta san wannan laƙabi ba, sarautar gado irin ta Earl kuwa ba a sayar da ita.

Elizabeth ta uku ta rasu a watan Disambar 2019 tana da shekara 98. Shekara guda kafin rasuwarta, mazauna wasu ƙauyuka kusa da Helmsdale, inda aka zube kakanninsu shekara 200 da suka wuce, suka haɗa kai suka sayi kusan eka 3,000 na filayen da suke zaune a kai daga hannun gidan. Ɗanta Alistair, babba a cikin tagwayen da ta haifa a 1947, shi ne Earl na 25 da ka gani a shirin. Ɗan tazarar da ke tsakanin haihuwarsa da ta ɗan'uwansa ita ce ta raba gardama. Ɗansa namiji ɗaya tilo ya rasu a hatsari a 2022, don haka bisa hukuncin 1771 babbar 'yarsa ce ke jiran gado.